Zaɓen Man Goge Ƙarfen Babur: Na Kurom Daban, Na Alminiyam Daban

Babur ɗaya yana iya ɗaukar farin ƙarfe iri huɗu ko biyar, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya. Salansa, rim, bayan madubi, murfin inji, ƙafar shokazobar gaba, hannun birki, ido dai ƙyalli kawai yake gani. Shi ya sa mutum zai sayi man gogewa guda ɗaya, ya bi babur da shi daga gaba har baya, sannan ya tsaya yana mamaki: murfin inji ya fito tas har yana ganin fuskarsa, salansa ta cika da ƙananan zane, rim kuwa ko gezau bai yi ba. Sau da yawa man ba shi da laifi, wurin da aka shafa shi ne ba nasa ba. Don haka kafin a zo maganar wane mai ya fi, sai an san abin da za a goga.

Abin da ya raba ƙarafan biyu

Kurom shafe ne, ba da shi aka ƙera kayan ba. Salansa ko sitiyarin da kake gani baƙin ƙarfe ne a ciki. An tsoma shi a ruwan sinadari, aka sa wutar lantarki ta manna masa nikel, a aiki mai kyau ma akan fara shimfiɗa jan ƙarfe kafin nikel ɗin, sannan a ƙarshe aka ɗora kurom a sama. Wannan kurom na ado kaurinsa bai kai maikuron 1 ba (wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita), galibi rabin haka ne ko ƙasa, alhali silin gashin kai ɗaya yana kaiwa wajen maikuron 70. Yawancin sheƙin ma na nikel ɗin da ke ƙasa ne; aikin kurom shi ne ya rufe shi da tauri, ya hana shi dushewa, ya ba shi wannan hasken mai ɗan ratsin shuɗi. Yana da tauri ƙwarai, amma ba shi da nama. In ka cinye shi da guga, za ka ga wurin ya koma ɗan rawaya-rawaya, nikel ke nan ya leƙo, kuma babu man da zai mayar da abin da ya tafi sai an sake kai wa masu shafe.

Alminiyam kuwa cikinsa da wajensa ɗaya ne. Yana da laushi, ƙusa ma tana zana shi. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata, wadda ita ce ke kare shi, kuma ita ce ke sa shi dushewa. Ba ya jar tsatsa. Nasa ciwon shi ne ya koma toka-toka, ya fitar da farin gari, in an ƙyale shi ya yi ƙananan ramuka. Goge shi na nufin a kankare wannan matacciyar fata, a baje zanen da ke kansa, a fito da sabon ƙarfe. Da yake akwai nama a ƙasa, yana jure hakan.

Kurom wanke shi ake yi da mai, alminiyam kankare shi ake yi. Man da ke da kaifin da zai yi aikin alminiyam da kyau ya fi ƙarfin abin da kurom ke buƙata, man kurom kuma a kan dusasshen alminiyam sai dai ya gajiyar da hannunka.

Mataki na farko: wanki, kuma babur a huce

Kada mai ya taɓa ƙarfen da ba a wanke ba. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a tsumma ta fi duk wani man da ba daidai ba ɓarna, domin za ka ja ta ne a kan ƙarfen da hannunka. Fara da kwarara ruwa ya tafi da ƙasa, ka bi da sabulun wanke mota da soso mai laushi, ka ɗauraye, ka tsane. Inda man sarƙa ko kwalta ta manne, ɗan kalanzir a tsumma yana narkar da ita, sai ka sake bin wurin da sabulu.

Inji da salansa su huce sarai. A kan ƙarfe mai zafi man yakan bushe kafin ya yi aiki, ya bar tabo. Haka ma tsakiyar rana, nemi inuwa.

Abu biyu kada su kusanci babur. Na farko soda mai ƙuna da duk wani ruwan wanki mai ita, irin wanda ake wanke murhun gasa abinci da shi: tana cin alminiyam, ta bar shi baƙi ko dabbare-dabbare, tana kuma kwashe launin wanda aka rina. Na biyu ruwan wanke rim mai asid. Wasunsu suna mayar da tsiraran alminiyam fari fat cikin ɗan lokaci, akwai kuma asid ɗin da ke narkar da kurom kansa. Wasu daga cikinsu suna ƙona fata ƙuna mai tsanani. Saurin da suke yi bai kai asararsu ba.

Mataki na biyu: gane abin da ke gabanka

Nan ne aikin yake, kuma kayan gwajin biyu ne kacal: maganaɗisu da farin tsumma.

Ɗora maganaɗisu a kan kowane sashe mai ƙyalli. In ya kama da ƙarfi, kusan tabbas baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa kurom. In bai kama ba, zaɓin ya yi yawa: ko alminiyam ne, ko ƙarfe marar tsatsa, ko roba ce da aka yi wa shafe, ko kuma kurom ne aka ɗora a kan alminiyam ko wani ƙarfen zubi, kamar yadda ake yi wa wasu rim da murafen inji na manyan babura. Ƙwanƙwasa da farce. Roba tana ba da ƙara marar nauyi, kuma ba ta da sanyin ƙarfe a tafin hannu. Bayan madubi, zoben fitila da tambarin kamfani a baburan yanzu yawanci roba ce.

Sai gwajin tsumma. Nemi lungun da ido ba ya kaiwa, ƙasan murfin inji ko cikin ƙafar shokazoba. Lakaci ɗan man gogewa a farin tsumma, ka murza na 'yan daƙiƙu, ka duba. In tsumman ya yi baƙi ƙirin nan da nan, tsiraran alminiyam ne, wannan baƙin kuma shi ne ƙarfen da man ya kankaro. In tsumman ya fito da datti kawai ko bai canza ba, akwai abin da ya shiga tsakaninka da ƙarfen. Tsaya nan.

Abin da ke shiga tsakani galibi ɗayan biyu ne. Akwai kiliya, fentin nan marar launi da kamfani ke fesa wa murafen inji da ƙafafun shokazoba da rim don kada su dushe. Baburan Japan da yawa haka suke fitowa. In ta tsufa takan yi rawaya, ta tsattsage, ka ga farin tabo yana rarrafe a ƙarƙashinta. Akwai kuma alminiyam da aka ƙara wa fata kauri da lantarki, sau da yawa har a rina shi ja, shuɗi, baƙi ko ruwan gwal. Rim ɗin baburan daji, hannun birki mai launi da bututun shokazoba mai ruwan gwal duk irinsa ne. Akwai wanda ba a rina ba, launinsa na azurfa mai ɗan dushi-dushi, shi ne ya fi yaudarar mutane. Man ƙarfe a kan kiliya hazo yake sa mata, a kan rinanne kuma yana cin launin wuri-wuri, ka wayi gari da rim mai dabbare.

Ƙarfe marar tsatsa, wanda ake yawan yin salansar zamani da shi, haskensa ya fi na kurom ɗumi, yana ɗan karkata zuwa rawaya, kuma shi ma yana baƙanta tsumma, ko da yake ba da saurin alminiyam ba. Nauyinsa da taurinsa ne za su raba maka su.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: wasu baburan gudu murafen injinsu na maganiziyam ne, sau da yawa da sunan a rubuce a jiki, an rufe su da fenti. Kada ka kankare fentin da niyyar fito da ƙyalli. Maganiziyam tsirara yana lalacewa da sauri, garinsa kuma yana kama wuta.

Mataki na uku: abin da ke cikin gwangwani

Duk man goge ƙarfe, ko wane suna aka ba shi, haɗin abu uku ne ko huɗu. Akwai gari mai laushi ƙwarai wanda shi ne haƙoran man, akwai ruwa dangin kalanzir da ke narkar da maiƙo, akwai sinadarin da ke sassauta dushewa, a wasu amoniya ce, ita ce ke bugun hanci in an buɗe, sannan wasu suna da kaki ko silikon da ke zama a kan ƙarfen bayan an gama. Bambancin mai da mai yana ga girman garin da yawansa. Abin takaici, kamfanoni ba su cika rubuta wannan a jiki ba, sai dai ka karanta jerin ƙarafan da aka ce a sa shi da waɗanda aka ce kada a sa, wanda yawanci yake da ƙananan haruffa a baya. Wannan jerin ya fi hoton da ke gaba amfani.

A bisa al'ada, mai kauri ya fi kankara, mai ruwa-ruwa ya fi sauƙi kuma ya fi saurin rufe wuri mai faɗi, auduga mai jiƙe da mai kuma ita ce mafi taushi.

Autosol, wanda ake yi a Solingen ta ƙasar Jamus, shi ne mai kaurin da masu babura suka fi sani. Yana aikin alminiyam da ƙarfe marar tsatsa sosai, yana kuma cire ƙaramar tsatsa a kan kurom. A ganina wurinsa a kan kurom shi ne lokacin gyara, ba kowane mako ba, domin yana da haƙora. Kamfanin da kansa yana fitar da wasu daban, na alminiyam, na robar da aka yi wa shafe, da na cire shuɗin salansa, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa mai ɗaya ba ya gama komai. Simichrome, shi ma na Jamus, mai ruwan hoda, garinsa ya fi laushi, ya dace da gamawa da ƙananan sassa. Mothers Mag & Aluminum Polish na Amurka alminiyam tsirara aka yi shi domin sa, kuma a jikinsa an rubuta cewa ba na kurom ba ne, ba na rinannen alminiyam ba, ba na abin da ke da fenti ko kiliya ba; kamfanin yana da na kurom daban mai ruwa-ruwa. Belgom Alu na Faransa ruwa ne mai kaki a ciki, yana barin kariya bayan gogewa, don haka ya yi kyau ga alminiyam ɗin da aka riga aka gyara ana so a riƙe shi. Nevr-Dull auduga ce a gwangwani, ka yago kaɗan ka goga. Tana shiga tsakanin wayoyin rim da lungunan da tsumma ba ya kaiwa, amma ba ta fitar da zane mai zurfi. Brasso, da ya fito a Ingila tun 1905, na tagulla ne da jan ƙarfe. Zai ɗan haskaka, sai dai ba don wannan aikin aka haɗa shi ba.

In babur ɗinka yana da ƙarafan biyu, mai biyu kake buƙata: mai kauri na alminiyam, da mai sauƙi na kurom. In dole sai ɗaya, ɗauki wanda aka rubuta sunayen ƙarafan biyu a jikinsa, ka sassauta hannu a kan kurom. Ko da wanne ka tashi, fara da mafi taushi. In bai yi ba ka hau sama. Hawa yana da sauƙi, saukowa ce babu.

Tsumma ma zaɓe ne. Tsohuwar rigar auduga mai laushi, wadda aka yanke ɗinki da maɓallai, ta isa wajen shafawa. Tsumman maikurofaiba ya fi wajen gamawa. Ware na kurom daban, na alminiyam daban. Wanda ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi.

Mataki na huɗu: aikin kurom

Kurom mai lafiya, wanda ƙura da tabon ruwa kawai suka dusar, sau da yawa sabulu da busasshen tsumma sun ishe shi. In bai dawo ba, ɗiga man kurom kaɗan a tsumma, ba a kan ƙarfen ba, ka shafa a wuri kamar faɗin tafin hannu, kana bin tsawon bututun gaba da baya ba tare da dannawa ba. Da ya fara yin hazo, ka share da tsumma mai tsabta. Shi ke nan. Wanda ya ga kansa yana gumi a kan kurom, ya san ya wuce gona da iri.

Tsatsa ce ke buƙatar bayani. Kurom kansa ba ya tsatsa. Jajayen ɗigon da kake gani baƙin ƙarfen ƙasa ne ya samu ruwa ta ƙananan kafofin da ke jikin shafen, ya yi tsatsa, ta tuttuɗo sama ta bazu. Shi ya sa abin yakan fi muni a ido fiye da yadda yake: ramin ƙanƙani ne, tabon ne mai faɗi. Dabara mafi aminci ita ce takardar alminiyam ta naɗe abinci. Yago ta, ka ɗan cukuikuye, ka tsoma a ruwa, ka goga a hankali. Ta fi kurom laushi, don haka tsatsar take kwashewa ta bar shafen. Ruwan zai yi baƙi-baƙi. Share, ka duba, ka sake. In ta ƙi, sai ulun ƙarfe mai lamba 0000, sifili huɗu, mafi laushi ke nan, a jiƙa shi da man gogewa ko ɗan mai. A kula, ba soson waya na wanke tukunya ake nufi ba, wannan zana kurom yake yi har abada. Sanfefa kuwa, ko mai lamba nawa ce, ba ta da hurumi a kan kurom.

Bayan tsatsar ta fita za ka ga ƙananan baƙaƙen ɗigo a wurin. Ramukan ne, kuma ba za su toshe da guga ba. Rufe su da kaki nan take, in ba haka ba ruwan sama ɗaya zai dawo da ita. Inda shafen ya kumbura ko yana ɓarewa, ajiye tsumma: ko a sake shafe, ko a sauya sashen. A yi hattara da gefen da ya ɓare, yana yanka yatsa.

Salansa tana da nata ciwon. Kusa da inji takan yi ruwan gwal, ta koma shunayya, ta ƙare a shuɗi. Wannan ba datti ba ne, zafi ne ya canza fatar ƙarfen. Ɗan ruwan gwal a salansa mai bango ɗaya abu ne da aka saba, shi ya sa kamfanoni da yawa ke yin mai bango biyu ko su rufe ta da marfin ado. Amma shuɗi mai yawa da ya zo da sauri yana iya nuna cewa iska ta yi wa fetur yawa, ko lokacin tartsatsin fulogi ya kauce, ko ana barin inji yana aiki a tsaye na dogon lokaci. A duba wannan tukuna, don in an goge ba a gyara ba, dawowa zai yi. Akwai magungunan da aka yi domin shuɗin, irin su Blue-Job mai gari da na Autosol da aka ambata. Suna aiki, amma duk lokacin da ka cire shuɗi a kan kurom kana rage shi ne, ba abin maimaitawa kullum ba ne. A kan ƙarfe marar tsatsa babu wannan fargabar, goge iya son ranka. Salansar taitaniyam kuwa launinta adonta ne, a bar ta.

Kafin ka tayar da inji, share salansa da sifirit. Ragowar mai, kaki, har da shatin yatsa, duk zafi yana gasa su su zama tabo.

Bututun shokazobar gaba, wanda ke shiga yana fita, kurom ɗinsa na aiki ne, ya fi na ado kauri nesa ba kusa ba. Abin lura a nan ba ƙyalli ba ne. Ɗigon tsatsa mai kaifi a inda bututun ke zirga-zirga yana yaga robar da ke riƙe mai, shokazoba ta fara yoyo. Shafa da farce. In ya maƙale, a baje wurin a hankali, a share sarai, kada a bar garin mai a bakin robar.

Mataki na biyar: aikin alminiyam

In dushewa ce kawai, man kauri da tsumma sun wadatar. Lakaci kaɗan, ka murza da ɗan ƙarfi har wurin ya yi baƙi, ka ci gaba har baƙin ya fara sirancewa, sannan ka share da wani tsumman. Juya tsumma akai-akai, domin baƙin da ya taru a jikinsa shi ma zana ƙarfe yake yi. Zagaye biyu ko uku da mai kaɗan sun fi zagaye ɗaya da aka lafta. Baƙin da ya shige cikin rubutu da gindin noti, tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit suna fito da shi.

In akwai zanen da farce ke maƙalewa a ciki, ko farin gari da ramuka, mai kaɗai ba zai yi ba ko da za ka kwana kana guga. Nan sanfefa ta ruwa ke shigowa. Ya fi kyau a kwance sashen daga babur; in murfin da ke riƙe man inji ne, a tsiyaye man, a tanadi sabon fakin, wato abin da ake sawa tsakanin murfin da inji don hana yoyo. In akwai tsohuwar kiliya, a fara cire ta da maganin cire fenti, da safar hannu, a wuri mai iska. Yi tunani kafin wannan, domin daga ranar da ka cire kiliya, gogewa ta zama aikinka na kullum sai in ka sake fesa wata.

Fara da lambar da ta fi laushi wadda za ta iya cire lahanin, sau da yawa 400 ko 600. Jiƙa sanfefar a ruwa mai ɗigon sabulu, ka naɗa ta a kan ɗan katako ko roba a wurare masu baje don kada yatsunka su yi kwari a ƙarfen. Goga ta fuska ɗaya kawai. In ka koma 800, juya hannu ka gicciye zanen farko, kada ka bar wannan lambar sai zanen 600 ya ɓace gaba ɗaya. Haka za ka bi 1000, 1500, 2000, kowace tana gicciye ta baya. Wannan gicciyewar ita ce ke nuna maka gaskiya: muddin kana ganin layi ɗaya da ya saɓa wa sauran, ba ka gama ba. Yawancin waɗanda aikinsu ke fitowa da hazo tsallake lamba suka yi, suna fatan man zai rufe musu. Ba ya rufewa, ƙara fito da zanen yake yi. A ƙarshen 2000 ƙarfen zai yi santsi da dushi-dushi, to a nan ne man kauri zai yi abin mamaki cikin 'yan mintuna.

Mai injin gogewa zai rage wahala. Ana ɗaura fefen auduga, a goga masa sandar sinadari: mai ruwan ƙasa don kankara a kan fefe mai ɗinki, fara don gamawa a kan fefe sako-sako, kowane launi da nasa fefen. Irin wannan inji yana juyawa wajen sau 3,000 a minti, ba wasa ba ne. Riƙe kayan a ƙasan tsakiyar fefen, inda yake juyawa zuwa ƙasa, kada ka ba shi gefe mai kaifi ya cafka, don fizgewa zai yi ya wurga. Sa tabarau da takunkumi, naɗe hannun riga, kada ka riƙe tsumma kusa. Kada kuma ka tsaya wuri ɗaya, zafi yana sa sinadarin ya daskare ya yi baƙin tabo.

Ba kowane alminiyam ne ke kaiwa ƙarshen sheƙi ba. Na zubi yakan zo da ƙananan kafofi a cikinsa, wani lokaci ƙara kankara ƙara buɗe su yake yi. In ka ga ɗigo suna ƙaruwa maimakon raguwa, tsaya a inda kake. Ulun ƙarfe kuma, da ya yi amfani a kan kurom, kada ya taɓa alminiyam ko ƙarfe marar tsatsa: ɓurɓushinsa yana nutsewa a ciki, daga baya ka ga jar tsatsa a ƙarfen da ba ya tsatsa.

Sauran sassan

Kiliya mai lafiya fenti ce, a bi da ita da man goge fentin mota da kaki. Rinannen alminiyam sabulu da ruwa, sai kaki. Robar da aka yi wa shafe, jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, ko man da aka rubuta nata ne. Baƙin fenti marar sheƙi kuwa, ko ɗigon man gogewa ya taɓa shi sai wurin ya yi ƙyalli ya bambanta da sauran, don haka a rufe shi da salatif kafin a fara aiki kusa da shi.

Mataki na shida: kariya, da inda mai ba ya zuwa

Alminiyam da aka gama gogewa tsirara yake, tun daga wannan lokacin ya fara dushewa. Share shi da sifirit, ka shafa kakin mota ko ruwan kariya na zamani, siriri, ka goge. Kurom ma haka, ban da wurin da salansa ke zafi sosai, inda kaki ba ya zama. Mai zama kusa da teku, ko inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sai ya ƙara da feshin hana tsatsa irin ACF-50 a lunguna da wayoyin rim, ya kuma riƙa ɗauraye babur da ruwan sanyi bayan tafiya. Tsane babur bayan wanki ko ruwan sama yana rage yawan gogewar da za a buƙata, kuma kada a lulluɓe shi da jiƙa a jikinsa.

Man gogewa, kaki da feshin mai ba sa zuwa kan faifan birki, takalmin birki, taya, robar riƙo, wurin taka ƙafa da kujera. In za ka goge rim, rufe faifan birki da tsumma mai tsabta tukuna. In ka yi zargin wani abu ya fantsama, wanke faifan da ruwan wanke birki, takalmin da mai ya jiƙa kuma a sauya shi. Tsummokaran da suka sha mai a shanya su a fili nesa da wuta, kada a cusa su a rufaffen wuri. Kafin ka hau titi, tura babur da hannu ka matsa birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar suna kamawa yadda suka saba.